Ruwan da Ya Je Sama Ya Dawo

Kowa a layinsu Kyaftin yake ce masa, har matarsa idan tana son ta ba shi haushi. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, tun ranar da ya samu aiki a kamfanin da ke ƙera manyan jiragen fasinja a bayan gari, ya dawo gida da riga mai aljihu huɗu da katin shaida a wuya. Katin nan ko wanka zai shiga sai ya rataye shi a ƙusar da zai riƙa hangensa.

Aikinsa kuwa, ba don in rage masa tsawo ba, cika ganguna ne da ruwa. Kafin a sayar da sabon jirgi sai an yi ta gwajinsa a sama, a ga tashinsa da saukarsa, a kuma auna man da yake sha idan ya ɗauki cikakken lodi. To babu mai hankalin da zai loda ɗaruruwan mutane a jirgin da ba a gama sanin halinsa ba. Sai a cire kujeru, a jera gangunan ƙarfe tun daga bayan matuƙi har wutsiya, a ɗaure su, a cika su da ruwa, nauyinsu ya tsaya a madadin na mutane da jakunkunansu. Kyaftin shi ne mai jan tiyo. Shi zai cika, ya zuba wani koren magani mai hana tsatsa, ya murɗe murfi, ya manna hatimi, sannan ya je ya ƙame a gaban Injiniya, matar da ke kula da gwajin, ya ce, "An cika, ranki ya daɗe."

Amma a shagon Mai Aski, inda mazan layin ke taruwa da yamma, labarin ya sha bamban.

"Sashen fasinjoji gaba ɗaya a hannuna yake," yakan ce, yana miƙe ƙafa a benci. "In ban sa hatimi ba, jirgi ko tari ba zai yi ba."

"Kyaftin, wai can sama akwai sanyi?" in ji Mai Wanki, mutum mai saurin yarda, wanda in ka ce masa zakara ya haihu zai tambaye ka mace ce ko namiji.

"Sanyi? Malam, a can in ka yi atishawa ƙanƙara ce ke faɗowa."

Mai Aski yana da kujera mai feda, wadda in ya taka sai ta ɗaga mutum sama kaɗan-kaɗan, kuma yana ji da ita. Duk lokacin da ya taka ta sai Kyaftin ya taɓe baki ya ce, "Wannan ma tashi ne a wurinku ko? Allah sarki."

Gaskiyar da ba ta taɓa zuwa shagon ba ita ce, Kyaftin bai taɓa barin ƙasa ba. Ya shiga jirgi ya fi a ƙirga, amma kullum da tiyo a hannu, kuma kafin a kunna inji an kora shi waje. Matarsa, tela ce da ake kira Maman 'Yan Biyu, ta sani. Ƙaninta Direba, mai motar ɗaukar kaya, yana zargi, kuma da yake ƙanin mata ba ya raga wa mijin yaya, yakan tsokane shi a gaban jama'a.

"Yaya Kyaftin, in jirgi ya tashi, kunnen hagu ne ke fara toshewa ko na dama?"

"Ya danganta da inda iska ta fito," in ji Kyaftin, sai ya canza magana.

Abin yana ci masa rai ƙwarai. Babu abin da yake so a duniya kamar ya zauna jikin taga ko da sau ɗaya ne, ya hango rufin gidansa daga sama, ƙaryarsa ta zama gaskiya kafin wani ya bankaɗo ta.

Ana nan sai dama ta faɗo masa. Manaja, wani mai son a gan shi, wanda ko fitila ce ta kama a ofis sai ya ce tsarinsa ne, ya tara ma'aikata a babbar rumfar da ake ajiye jirgi. Ya ce masu saye sun ƙi sa hannu sai sun ga jirgin yana shan mai kaɗan. Saboda haka duk wanda ya kawo dabarar rage shan mai, za a ba shi kujera jikin taga a tashin ƙarshe, wanda za a yi ranar nuna jirgi ga masu saye, a zagaya saman gari. Injiniya ta ƙara da cewa su tuna, kowane kilo da jirgi ya ɗauka mai yake ci.

Wannan magana ta shiga kan Kyaftin ta rasa hanyar fita. Da ya koma gida ko takalmi bai cire ba ya tsaya a kan matarsa, tana zaune gaban keken ɗinki da allurai a baki.

"Ajiye ɗinkin nan ki ji abin da masu digiri suka kasa gani. Nauyi shi ke cin mai, ko ba haka ba? To mu kullum ruwa muke ɗauka mu kai sama, mu zagaya da shi, mu dawo da shi, ko kurɓa ba wanda ya yi. Fasinjan gaske dole ka kai shi inda za shi. Fasinjan ruwa kuwa, in ka bar shi a ƙasa, wa zai kai wa ƙara?"

Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya. "Ka gaya wa Injiniyar?"

"In gaya mata ta sace? Sai sun ga aiki da idonsu tukuna, sannan in fito in ce ga mai shi."

"To Baban 'Yan Biyu, ranar da mutanen gaske suka shiga fa? Su ma tsiyaye su za ka yi?"

"Ke matsalarki ke nan. Ana maganar sama, kina maganar ƙasa."

"Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne," ta ce, ta taka kekenta.

Bai ma ji ta ba, ya riga ya kai shagon Mai Aski. A can ya sanar cewa kamfani ya ɗora masa wani aikin sirri na rage shan mai, kuma ranar nuna jirgi kowa ya ɗaga kai, za su ga farin hankici yana kaɗawa a taga.

"Tagar buɗewa take yi?" in ji Direba.

"Ta manya tana buɗewa."

Washegari, da aka tashi cin abincin rana rumfa ta yi tsit, ya lallaɓa cikin jirgi ya buɗe famfunan gangunan da ke wutsiya, ya zura tiyo ta ƙofar baya zuwa magudanar da ke tsakar rumfa. Bai san magudanar ta daɗe a toshe ba. Kafin ya gama murna, koren ruwa ya malale daɓen, ya shiga ƙarƙashin teburan makanikai, ya ɗauki silifas ɗin wani ya yi gaba da shi. Daidai lokacin Manaja ya shigo da sauri, waya a kunne, yana cewa, "Komai yana tafiya daidai, yallaɓai." Ƙafarsa ta dama ta yarda da maganar, ta hagu ta ƙi. Ya zauna daɓas, wayar ta yi iyo zuwa gindin tayar jirgi.

"Daga ina ruwan nan?" ya daka tsawa.

"Bututun banɗaki ne, ranka ya daɗe," in ji Kyaftin, yana ɗaga shi. "Na daɗe ina faɗa."

"Banɗaki? Kore haka?"

"Alamar ya daɗe ke nan, ranka ya daɗe."

Manaja ya tafi gida canza wando yana toshe hanci, aka kira mai gyaran famfo aka wanke shi tas, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da yamma jirgi ya tashi gwaji ya dawo. Matuƙin, wani dattijo marar yawan magana, ya sauko yana share gumi, ya ce wa Injiniya, "Jirgin nan yau kansa ya yi nauyi. Sai sunkuyawa yake kamar ya yar da allura." Kyaftin yana gefe yana naɗe tiyo, kunnensa a miƙe. Da wani ne ya ji haka, da ya ruga ya mayar da abin da ya zubar. Shi kuwa cewa ya yi a ransa, ashe gyara kaɗan ya rage: tunda baya ya yi sauƙi, sai a sauƙaƙa gaba.

Saura inda za a kai ruwan, don magudana ta ci amanarsa. Sai ya tuna famfunan layinsu sun kwana biyu ba su kawo ko ɗigo ba. Ya kira Direba.

"Ruwan me kuma, Yaya?"

"Ruwan da ya gama aiki. Kamfani zubarwa yake yi."

"In aka kama ni, sunanka zan fara faɗa kafin nawa."

"Wa zai kama ka? Mai gadi in ya tambaya, ka ce masa na banɗakin jiya ne."

Haka kuwa aka yi. Mai gadi ya leƙa bayan mota, ya ga jarkoki cike da koren ruwa, ya ja baya yana kora su da hannu. Motar ta shiga layi tana tsiyaya, Kyaftin a tsaye a baya, ya riƙe ƙarfe kamar mai yaƙin neman zaɓe.

"Jama'a, wannan ba na sha ba ne, kada wanda ya kai shi baki," ya yi shela. "Ruwan aiki ne. Ruwan nan ya je inda kakanninku ba su je ba. Ya ga gajimare ta ƙeya!"

Aka fito da bokitai da robobi. Mai Wanki ya kwashi kaso mafi tsoka, don kayan mutane sun taru masa. Mai Aski ya cika kwalbar fesawarsa. Wata tsohuwa ta shafa a gwiwa ta rantse ta ji ƙafarta ta yi shawagi. Maman 'Yan Biyu kaɗai ta tsaya a bakin ƙofarta da almakashi a hannu ta ce ko ɗigo ya shigo mata gida, sai mai shi ya lashe.

Kullum Direba ya zo da rana ya tafi da lodi, kullum jirgi ya ƙara sauƙi. Kyaftin wawa ne, amma ba kullum ba: gangunan da ke bakin ƙofa bai taɓa su ba. Matuƙi ya daina ƙorafin sunkuyawa, sai dai ya ce jirgin yanzu ko rabin titinsa ba ya ci yake ɗagawa. Man da ake sha ya yi ta raguwa, har Manaja ya fara shigowa rumfa yana fito.

Injiniya kuwa fuskarta ta ƙi sakuwa. Ta tare Kyaftin a gindin matakala.

"Malam, gangunan nan cike suke?"

"Ranki ya daɗe, ga hatimi nan, ki duba."

Ta hau, ta ƙwanƙwasa ta farko, ta ji dim. Ta ƙwanƙwasa ta biyu, ta ji dim. Tana shirin ƙarasawa ciki, Kyaftin yana bayanta yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, sai ga Manaja yana kiranta daga ƙasa. Ta sauka ta ce masa tana so a ɗora jirgin a kan sikeli a sake auna shi, domin babu abin da aka canza a injin, kuma mai ba ya raguwa don ya ga dama.

"Haba Injiniya! Mai ya ƙaru ki yi kuka, ya ragu ma ki yi kuka? Masu saye suna hanya. Sikeli sai bayan biki."

"Yallaɓai, abin ya yi kyau fiye da kima."

"Tsari ne. In shugabanci ya yi kyau, har inji yana ji a jikinsa."

Kyaftin ya ji wannan ya yi murmushi. Ya ce a ransa, yi ta magana, ranar tana zuwa.

Sai dai kafin ranar ta zo, layi ya ɗauki zafi. Yana isowa shagon Mai Aski ya tarar da taro. Mai Wanki yana tsaye da tulin riguna a kafaɗa, masu rigunan suna bayansa kowa da abin da yake faɗa. Duk farar rigar da ta shiga ruwan nan ta fito kore-kore, irin koren da ba ya cikin kowane kanti. A kan kujera kuma ga tsohon Hedimasta, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya, wanda Mai Aski ya yi ta fesa wa ruwan sama, kansa yana ƙyalli kamar ɗanyar gwanda.

"Kyaftin, ka kashe ni!" in ji Mai Wanki. "Na sa sabulu, na sa bilic, ƙara fitowa yake!"

"Ni kuma jikokina sun ƙi zuwa kusa da ni," in ji Hedimasta. "Yaro, me ka zuba mana?"

Wani ya riƙe wuyan rigar Kyaftin. Shi kuwa baki bai taɓa ƙare masa ba. Ya ɓamɓare hannun a hankali, ya gyara katinsa.

"Kai, rashin sani ya fi dare duhu. Wannan ai launin kamfani ne! Ranar nuna jirgi an gayyaci iyalan ma'aikata da maƙwabtansu. Duk wanda ya zo da wannan launi, layin gaba za a zaunar da shi, kusa da manya. Ni da na so in yi muku bazata, kun zo kuna shaƙe ni."

Wanda ya shaƙe shi ya shiga gyara masa kwala. Kafin magariba, waɗanda kayansu ba su rinu ba sun kai wa Mai Wanki suna roƙo ya tsoma musu. Hedimasta ya shafa kansa ya ce a ƙara masa fesi ɗaya ta wajen ƙeya.

Ranar nuna jirgi aka fito da shi fili, an wanke shi yana walƙiya, an jingina masa doguwar matakala. An kafa rumfa da dandamali da lasifika, masu saye sun zauna a gaba cikin kwat, 'yan jarida suna ta ɗaukar hoto. Sai ga motar Direba ta sauke mutanen layi, kore shar tun daga hula har wando, Hedimasta a gaba ba hula. Suka wuce kai tsaye layin gaba. Masu tsaro suka tare su, aka yi 'yar hayaniya, a ƙarshe aka jera su a can gefe cikin rana. Maman 'Yan Biyu ta zo cikin shuɗin mayafinta, ta tsaya nesa da su kamar ba ta san su ba.

Injiniya tana kan dandamali. Ta dubi jerin korayen mutanen nan, ta daɗe tana dubansu. Ta san launin. Ita take sa hannu a sayo maganin.

Manaja ya karɓi lasifika. Ya yi godiya, ya yi kirari, ya faɗi yadda jirgin ya rage shan mai har ya ba masana mamaki. Kyaftin yana gindin dandamali, ya goge takalmi, hankici a aljihu, yana jira a ce wane ne ya yi wannan aiki ya fito.

"Mun nemi dabara daga ma'aikata," in ji Manaja, "amma babu wanda ya kawo abin kirki. Wannan nasara ta fito ne daga sabon tsarin da ni kaina na shimfiɗa. Don haka kujerar jikin taga, bisa shawarar kwamiti, ni zan zauna a kanta."

Aka fara tafi. Kyaftin ya waiga ya ga mutanen layi suna kallonsa, Direba yana washe baki. Bai san lokacin da ya haye dandamali ya fizge lasifikar ba.

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Jama'a, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Wane tsari? Ni ne! Ni na rage man nan da hannuna!"

Mutanen layi suka ɓarke da sowa. Manaja ya yi dariyar yaƙe ya ce wa masu saye, "Ku yi haƙuri, mai cika mana ruwa ne, rana ta taɓa shi."

"Mai cika ruwa?" in ji Mai Wanki daga gefe. "Ba shugaban fasinjoji ba?"

"Rana ta taɓa ni? To ku tsaya ku gani!"

Ya dire daga dandamali ya haye matakalar jirgi da gudu. Masu tsaro suka bi shi, Injiniya ta ɗaga musu hannu ta ce su ƙyale shi. Ta naɗe hannu a ƙirji tana jira. Aka ji ƙarar ƙarfe daga ciki. Can sai ga Kyaftin a bakin ƙofa, ya ɗora ganga guda a ka, gangar da in tana cike sai an kawo injin ɗaga kaya. Ya sauko da ita a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, yana juyawa don masu hoto su same shi da kyau.

"Kyaftin! Kyaftin!" in ji mutanen layi. Hedimasta har da tsalle.

A layin gaba kuwa ba wanda ya motsa. Shugaban masu saye, wani siririn dattijo mai tabarau, ya tashi ya zo ya ƙwanƙwasa gangar da yatsa. Ta amsa masa da ƙarar wofi har bayan rumfa.

"Malam, guda nawa ne haka a ciki?"

"Duka, yallaɓai!" in ji Kyaftin, ƙirji a gaba. "Ban da na bakin ƙofa. Su ma don dai kada a gane ne kafin lokaci."

"Tun yaushe?"

"Tun da man ya fara raguwa mana. Ai ni ne sirrin."

Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya juya wajen Manaja. "Wato duk alƙaluman da ka aiko mana, na jirgin da ba kowa a ciki ne."

"Yallaɓai, ni ban... wato tsarin... Injiniya ce ke kula da..."

"Na ce a kawo sikeli, yallaɓai," in ji Injiniya. "Ka ce sai bayan biki. To ga bikin." Ta juya ga Kyaftin, muryarta ƙasa-ƙasa, ta fi tsawa ciwo. "Ka san ranar da ka zubar da na baya, mutum nawa ne a cikin jirgin nan? Ka san sun dawo ne don matuƙi ya iya aikinsa?"

Matuƙin da ke tsaye a gefe ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya fara naɗe hannun riga.

"To amma man ya ragu ai," in ji Kyaftin, muryarsa ta fara sirancewa.

"Ya ragu," in ji dattijon. "Mu kuma mutane muke ɗauka. Su ma tsiyaye su za ka yi?"

Daga can baya aka ji muryar Maman 'Yan Biyu: "Na tambaye shi, Alhaji!"

Dariya ta tashi, ta fara daga 'yan jarida ta bi ta cikin ma'aikata. Kyaftin ya juya don ya harari matarsa, ya manta da abin da ke kansa. Gangar ta sulluɓe, ta daki ƙasa, ta gangara tana kuka, ta share ƙafar dandamali. Dandamali ya karkata, Manaja ya rungumi sandar lasifika suka tafi tare, ya zauna daɓas a karo na biyu, wannan karon a gaban kyamara.

"Ku kama shi!" ya yi ihu daga ƙasa. "Shi da duk wanda ya taimaka masa! Ina ruwan kamfani?"

Ba a sha wahalar bincike ba. Kowa ya juya ya dubi gefen rana, inda shaidu suke jere kore shar. Direba ya riga ya tayar da mota. Mai Wanki ya fara cire riga yana rantsuwa da ma haka ya saye ta. Hedimasta ya rufe kai da hannu biyu, amma hannu biyu ba su isa ba.

Mai gadi, wanda aka mayar wawa da zancen banɗaki, shi ya zo da kansa ya zare katin daga wuyan Kyaftin, a gaban layi gaba ɗaya. Jirgi bai tashi ranar ba. Masu saye suka ce a sake gwajin tun daga farko, Manaja kuma aka mayar da shi wani ofis da ba shi da taga. Mutanen layi suka koma gida a ƙafa, don Direba bai jira kowa ba, kuma duk tsawon hanyar babu wanda ya yi tafiya kusa da Kyaftin sai matarsa.

Ya daɗe bai leƙa shagon Mai Aski ba. Amma gashi ba ya jin kunya, ya yi ta tsiro, har wata yamma dole ta kai shi. Benci cike yake. Aka amsa sallamarsa, aka matsa masa, Mai Aski ya nuna masa kujera ya yafa masa ƙyalle. Ba wanda ya tayar da zance.

Sai aka ji rugugi daga yamma. Kowa ya leƙa ta ƙofa. Ga jirgin nan yana hawa a hankali, da nauyinsa, cike da gangunan da wani ya cika, ya biyo ta saman layin har inuwarsa ta shafi rufin gidan Kyaftin.

"Ku ɗaga wa fasinjojin Yaya hannu," in ji Direba. "Su dai sun je sun dawo, sun kuma komawa."

Hannun Kyaftin ya tafi aljihu da kansa, ya fito da hankicin. Shi ma ya bi ta hannun Mai Wanki, ya zama kore. Ya dube shi, ya goge wuya da shi, ya mayar.

"Kun ji ƙarar injin nan?" ya ce. "Mai yake sha kamar ba gobe. Da sun bar ni da aikina..."

"Yaro," in ji Hedimasta daga ƙarƙashin sabuwar hularsa, "tsakaninka da Allah, ka taɓa hawa?"

Kyaftin ya buɗe baki. Karo na farko a tarihin shagon, babu abin da ya fito.

Mai Aski ya ɗaure masa ƙyallen a wuya da kyau, ya ɗora ƙafa a kan feda.

"Riƙe hannun kujera, Kyaftin," ya ce. "Za mu tashi."

Ya taka, kujera ta ɗaga.